Littattafan Likita a Rumbun Kaka

Bayan isha'i Kaka kan tura itace cikin murhu, mu jikoki mu zagaye ta. Ni nake zama kusa, ba don ladabi ba, don gyaɗar da take gasawa. Ranar da zuciyarta ba daɗi ba ta yin Gizo, labarin Likita take yi.

Bature ne da ta yi wa wanki a nan Kontagora kafin a ba mu mulkin kai. Ta ce shi ba Ingilishi ba ne, daga wani yanki yake mai suna Wales, ƙasar duwatsu da tumaki. Ba shi da mata, ba ɗa. In ya dawo daga duba marasa lafiya sai ya zauna cikin littattafansa yana waƙa da yarensu, ba mai amsa masa. Da ciwo ya ci ƙarfinsa za a mayar da shi gida, ya bar wa gari littattafan don a buɗe ɗakin karatu. Ɗakin bai samu ba, sai aka raba wa ma'aikatansa ajiya. Kaka ta samu akwati guda, dama kuma kafin ya tafi ta yi masa alkawarin jininta zai karanta.

Manomiya ce daga Salka, don haka ta yi musu ajiyar iri: ta sa a rumbu, ta barbaɗa toka, ta liƙe da laka.

«Kai za ka buɗe, maigidana,» in ji ta, «in kan nan naka ya nuna.»

Bai nuna ba. Aji biyu na yi, rabinsa a kan mangwaro.

Na yi gemu, ita kuma ido ya tafi, ciwo ya kwantar da ita, sai ta ce in fasa rumbun in karanta mata ko shafi ɗaya. Na fasa. Gara ta gama da su, sai bango da jar ƙasa. Na ɗauki bango guda na zauna gefen tabarmarta, na yi ta zuba Turancin da ko Bature bai san shi ba.

Sai ta ce, «Muryarsa ta fi taka daɗi. Ci gaba.»

Kwana kaɗan ta rasu. Na daɗe ina ɗauka na yaudare ta. Sai da na tsufa na tuna cewa macen da ta yi shekaru tana jin Turanci ta taga ba za ta kasa gane shirme ba. Ta sauke alkawarinta da abin da Allah ya ba ta, wato ni.