Ranar da Muka Zuba Ƙaiƙayi a Ɗakin Ruwa

Wata Asabar ce bayan girbi, da hantsi. Akwai ni, da kawuna magini, da taubashinsa mai sayar da albasa a Bodinga, sai hakimin wani gari kusa da Shagari da dattawansa.

A kan tudun bayan garin akwai tsohon ɗakin ƙasa da aka gina bisa idon ruwa. Kawu ya sha faɗa cewa kakansa ya jera indararo baki cikin baki a ƙarƙashin ƙasa, daga ɗakin har gidan sarauta. Ba wanda ya taɓa yarda. Da hakimi ya ba shi gyaran wurin, wata biyu ya yi yana yashe yashi, yana shafe bango da makuba. Ranar ce za a san ko Kawu maƙaryaci ne.

Kawu ya zuba kwanon ƙaiƙayi a bakin indararon don a shaida ruwan in ya fito, ya cire toshiya, muka ruga ƙasa kamar yara. Hular wani dattijo ta faɗi, bai ko waiwaya ba. A zauren gidan sarautar muka tsugunna, muka zura wa wani rami a gindin bango ido.

Shiru. Ƙadangare ne kawai ya leƙo.

"Ga ruwan kakanka nan da wutsiya!" in ji taubashin.

"Kai, rufe man baki, mai warin albasa. Shina tahe," in ji Kawu.

Hakimi ya soma gyara rawani zai tashi, sai guɗa ta ɓarke daga cikin gida. Ba wanda ya tuna cewa ruwan gida wurin mata ake kai shi, inda baƙon namiji ba ya shiga. Muka cunkushe a ƙofa, ba damar wucewa.

Yayar hakimi ta fito, zanenta sharkaf, da ƙwarya a hannu, ƙaiƙayi na yawo a kai.

"Wane mara kunya ya jiƙa man dawa?"

"Ni na, Hajiya!" in ji Kawu, ya karɓe ƙwaryar ya ɗaga sama yana tsalle. Rabin ruwan a kan taubashin ya ƙare, hakimi yana dariya har da tari.

Ruwan bai yanke ba har faɗuwar damina.