Mato da Amaryarsa Mai Haƙori Biyu

A Badaguishiri kowa ya san halin Mato mai albasa: ba ya iya kai loma baki alhali wani ido na kallonsa. Lokacin da yake da ƙarfi, yana noma a garkarsa ta cikin fadama, matarsa Zuwaira kan aika masa da fura cike da ƙwarya, amma da la'asar sai ya dawo gida cikinsa na ƙugi. Makiyayi ya sha, mai jaki ya sha, har wani jandarma da ya tsaya tambayar hanya sai da ya kurɓa. Zuwaira ta yi faɗa shekara talatin, da ta gaji sai ta sayi ƙwaryar da ta fi girma.

Shekara uku ke nan da rasuwar Zuwaira. Bayanta gwiwa ta ci amanar Mato, garka ta koma hannun ɗansa Abdulrazak da matarsa Sakina. Tsohon ya koma zaman ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro, yana amsa gaisuwa da ka. Abokinsa Chindo mahauci, wanda tukubar tsirensa ke tsallaken hanya, ya ce a lokacin ko zaginsa ka yi ba ya ramawa, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan.

Sai aka haifi Latifa. Ranar suna Mato ya leƙa zanen goyo, ya ce, "To, na yi amarya. Ba ta da gashi, ba ta da haƙori, amma na karɓa." Daga nan bakinsa ya buɗe. Sakina kuwa ta shiga uku: da can surukar gida ce mai kunyar uban miji, yanzu kuma ta zama uwar amarya, yana kiranta Inna, ita tana sunkuyar da kai tana dariya cikin mayafi.

Da lokacin dashen albasa ya zo, Latifa na da wata bakwai da haƙora biyu, an fara ba ta koko. Sakina kan shayar da ita da safe, ta ba ta kokonta, ta ajiye ta kan tabarmar Mato, ta wuce garka sai azahar. Waɗannan sa'o'i su ne rayuwar tsohon. Yana ba ta labarin yadda ake gane irin albasa mai kyau, tana jan gemunsa.

Matsalar ita ce idon Latifa. Yarinyar tana da wani irin kallo, in kana tauna sai ta bi hannunka tun daga kwano har baki, leɓenta na motsi, yawu na zuba. Mato ya jure kwana guda. Kashegari ya murje ƙosai tsakanin yatsu, ya ɗan shafa mata a harshe.

"Ɗanɗano ne," in ji shi. "Wane namiji ka ci matarshi na kallo?"

Daga ƙosai aka je ɗanwake. Daga ɗanwake aka je furar da Bafillata ke kawowa. Chindo ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba, tunda yana neman ƙwace amaryar, ya riƙa aiko 'yar tsokar tsire tana tsotsa, da yajinta da komai. Latifa ta yamutsa fuska, ta yi atishawa, ta sake miƙa hannu, tsofaffi biyu suna tafa mata.

Ba a yi mako biyu ba cikinta ya kumbura kamar ganga. Kwana biyu tana nishi, tana jan ƙafafu, ba ta fitar da komai ba. Rana ta uku abin ya juya ya zama zawo. Idon nan mai bin loma ya faɗa, ta daina jan gemu.

Matan unguwa suka zo dubiya, kowace da nata sanin. Wata ta ce haƙora ne. Wata tsohuwa ta ce ba haƙora ba ne, nonon uwar ne ya ɓaci saboda yinin rana a garka, gara a yaye ta. Mato na zaure yana jin su. Ya kuma ji Sakina tana tace koko sau biyu, tana wanke cokali da ruwan zafi, tana kuka a hankali don kada ya ji.

Ya tsallaka wurin Chindo, ya yi ƙasa da murya. "Kai, kana ganin ko mu ne?"

"Mu wa? Abin da bai kai ƙwayar gero ba?" Chindo ya juya tsirensa, bai dube shi ba. "In ka buɗe baki, wallahi sun raba ka da ita. Ka koma amsa gaisuwa da ka."

Mato ya san gaskiya ya faɗa. Ya dawo tabarmarsa ya zauna, da rana ya tura kwanonsa gefe.

Da safe Sakina ta goya yarinyar za ta likita, wato asibitin garin. Mato ya ɗauki sandarsa ya bi ta a baya, yana ɗingishi, wai yana son a duba masa gwiwa. Majo, wato ma'aikaciyar jinyar da ke duba yara, wata mace ce mai tabarau, ba ta da dogon zance. Ta latsa cikin Latifa, ta ja fatar, ta dubi harshe.

"Mi kike ba ta?"

"Nono da koko, sai ruwa."

"Koko kaɗai?"

"Shi kaɗai," in ji Sakina. "Sun ce nonona ne. In shi ne, ki gaya mini gaskiya, in yaye ta."

Mato na kan benci a bakin ƙofa. Ya dubi sandarsa, ya dubi ƙafar Latifa da ke lilo, 'yar ƙarama kamar kan cokali. Ya yi gyaran murya.

"Likita, akwai ƙosai."

Majo ta leƙo ta saman tabarau. "Baba, da kai aka zo?"

"Ni ne mijin. Akwai ƙosai, kaɗan. Da ɗanwake. Da hura. Da tsire, amma wannan na Chindo ne."

"Da yaji?"

"Chindo bai san tsire babu yaji ba."

"Saura mi?"

"Shayi sau ɗaya. Ita ta kama kofin."

Matan da ke layi suka fashe da dariya, wata har da riƙe ciki. Sakina ba ta yi dariya ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ba wanda ya san ko kunya ce ko fushi.

Majo ta ce, "Baba, cikin amaryarka bai kai dunƙulen hannunka ba, kuma yanzu yake koyon aiki. Kai ka ɗora mishi kayan kasuwa gaba ɗaya." Ta juya ga Sakina. "Nononki lahiya lau, kada ki kuskura ki yaye ta. Ki ƙara ba ta ma." Ta ba da garin da ake damawa a ruwa don zawo, da 'yan ƙwayoyi. Ta ce in ciki ya lafa a koma koko mai ɗan kauri, a ƙara sabon abu ɗaya tak, a jira kwana uku a ga yadda ya zauna kafin a ƙara wani.

Suka kamo hanyar gida, Sakina a gaba, Mato a baya da sandarsa. An manta da gwiwar ma.

Latifa ta warke cikin kwana huɗu, amma tabarmar Mato ta zauna wayam. Kullum da safe Sakina kan durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ta wuce garka da yarinyar a bayanta, ta kwantar da ita a inuwar mangwaro. Shi ba shi da bakin roƙo, ita kuma ba ta iya yi wa uban mijinta faɗa. Abdulrazak ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya riƙa sammakon fita ban ruwa. Chindo ya aiko da tsire don ban haƙuri, Mato ya mayar masa.

Rana ta tara, da hantsi, Sakina ta tsaya a ƙofar gida. Ta kwance goyo, ta durƙusa a gefen tabarma, fuskarta na kallon katanga. Ba ta yi wa tsohon magana ba, da yarinyar ta yi.

"Latifa, ki gaya ma mijinki garka ta yi miki zahi, kin ƙi barci. Ki ce mishi in yana son ki dawo ɗakinki, akwai sharaɗi. Daga sahe har azahar, abin da kika ci shi zai ci. In ya ga Chindo ya taho, ya kore shi da sanda."

Ta ajiye kwano biyu a rufe, babba da ƙarami. Mato ya buɗe babban: kokon gero ne da ɗan garin gyaɗa, ba sukari, ba komai. Ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce tururi ne.

"Amarya, ki ce ma Inna na ji, na ɗauka. Ki ce mata kuma ta yafe ma tsoho."

"Ki ce mishi an yafe tun a likita," in ji Sakina, ta miƙe da sauri ta ɗauki fartanyarta.

Latifa ta rarrafo ta cafke gemun. Daga tsallaken hanya Chindo ya ɗaga murya, "Ango, mi aka dafa muku yau?"

Mato ya kurɓi kokon, ya yamutsa fuska, ya kai ƙaramin cokali bakin yarinyar.

"Abin da ba ka da rabo a ciki," ya ce. "Juya namanka can, tana kallo."