A Buɗe Mata Ta Shigo

Duk wanda ya ce tsoron lasifika ne ya hana kakata magana ran nan a ɗakin wasanni, bai san ta ba. Matar da ke kiran awakinta daga ƙofar gida a ji ta a tasha? Wasu kuma suka ce tsufa ne, ta mance. Ba ta mance komai ba. Ina wurin, a layi na uku, da kayan makaranta a jikina.

Ɗakin yana bayan garin Birnin Kudu, ta hanyar Gwaram. Da can fili ne, dandalin 'yan mata. Da aka gina shi aka zuba kujeru da jan labule, nan ake wasan kwaikwayo, nan makaɗa ke sauka, nan makarantu ke muhawara. Kakar tawa Inna, wadda aure ya kawo daga Zandam, ta kafa murhun ƙosai a jikin katangarsa. Da an idar da magariba muna can, jikoki da 'ya'yan maƙwabta. Ciki kalangu na tashi, waje mun kewaye wuta muna jiran ƙonannun da ba za su sayu ba.

Inna ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Nata daban ne, a bakin kakarta ta tsinta. Sai ta ɗaga matsami ta ce, "Ga wata baƙuwa tsaye a ƙofa." Mu amsa, "A buɗe mata ta shigo!" In ba a amsa ba, ko kuka za ka yi, ba ta ƙara kalma.

"Inna, ki wuce wurin nan, mun san shi!" in ji ni.

"Ke Uwar-gaggawa, a gidan ubanki haka ake faɗa wa mutane ɗaki ba sallama?"

Wadda ta fi yi mana ita ce ta shekarar fari. Wata tsohuwa ta shigo gari da ƙwarya a rufe, ruwan saman shekara guda na ciki. Ta yi sallama a gidan farko. Mai gida ya ji, ya ce ai matarsa za ta amsa. Matar ta ce ai yara za su amsa. Haka gida bayan gida. A na ƙarshe wata yarinya ce a bayan ƙyaure, ta cika baki da garin gero na sata. In ta amsa, asirinta ya tonu. Tsohuwa ta yi sallama sau uku, ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi wani gari.

Mu dai dariya muke, muna cewa a daina satar gari. Inna ta juya ƙosai ta ce, "Ba garin da ke bakinta ne ya kashe garin ba." Ban tsaya tunani ba, hankalina na kan kasko.

Ina aji biyu a sakandare aka yi wani taron al'adu, aka gayyaci Inna ta hau dandamali. Ta ɗaura zanenta na saƙi, wanda sai salla yake fita. Aka miƙa mata lasifika. Ta dubi ɗakin nan cike da manyan riguna ta ce, "Ga wata baƙuwa tsaye a ƙofa."

Shiru. Su irin buɗewar da suka saba suke jira.

Ta sake faɗa. Ni kuwa amsar na bakina, amma ƙawayena na gefe, waɗanda ban taɓa gaya wa cewa mai ƙosan nan kakata ce ba. A na uku ta dube ni. Ni ta duba, ba kowa ba. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"To, ba a buɗe ba," in ji ta. Ta ajiye lasifika ta sauko, ana dariya. Ba ta taɓa yi mini maganar ba. Ba ta kuma sake tatsuniya ba.

Shekaru sun wuce. Tun daminar bana ɓarin jikinta ya shanye, magana ta gudu. Ba ta iya kiran sunana, ba ta iya neman ruwa. Abu ɗaya ya rage a harshenta: "Baƙuwa… a ƙofa." Na durƙusa na amsa, na amsa da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Sai ta girgiza kai, ta nuna hanyar Gwaram da hannun da ke motsi. Kwana uku ke nan ko kunu ba ta haɗiya sosai.

Ɗazu na je wurin Baba Ilu mai gadin ɗakin wasannin. Rufi na yoyo, labule ya zama tsumma.

"Ke 'yar nan, ɗakin da jemagu suka gaje? Ran Asabar motocin taki za su zo, sito zai koma."

"Baba, ba jemagu na zo gayyata ba. Makulli nake so, awa ɗaya ran Juma'a."

"In aka tambaye ni fa?"

"Ka ce baƙuwa ce a ƙofa."

Ya miƙo mini makullin. "Ni ma na san amsar," ya ce. "Ina tsaye a bakin ƙofa ran nan. Na zaci ke za ki faɗa."

Sai yau na gane me ya kashe garin. Kowa ya ji sallamar.

Makullin na ɗaure a bakin mayafina. Gobe da sassafe zan bi duk wanda ya taɓa cin ƙonannen ƙosanta, har waɗanda suka yi aure a Kiyako. Ran Juma'a bayan magariba zan sa ta a adaidaita sahu, in hura wuta a jikin katanga, a ɗora ta kan dandamali. Ni zan zauna a layi na uku. Ko mutum biyu ne suka zo, ko kalma biyu ta iya fitarwa, ba zan jira kowa ya riga ni ba.