Na Daina Karin Kumallo, Maigidana Ya Yi Tumbi

Gwiwata ta hagu ce ta tayar da maganar. Gidan rediyon da nake aiki a Tawa yana da ƴan matakala kafin a shiga ɗakin watsa shiri, sai wata shekara na lura kullum ina tsayawa a tsakiyarsu ina gyara mayafi, mayafin da babu abin da ya same shi. Na tafi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora ni kan sikeli, ta dubi allurar, ta dube ni.

"Madam, gwiwa ba ta da laihi," ta ce. "Kaya anka ɗora mata."

Na koma wurin aiki da wannan labari mai daɗi. Abokiyar aikina, wadda ke samun ilimin likitanci daga wayarta, ta ce maganin ba shi da wuya: in daina karin kumallo, kada in sa komai a baki sai azahar. Ni kuma a shirin lafiya na taɓa karɓar likitoci biyu. Na farko ya ce karin kumallo shi ne ginshiƙin yini. Na biyu ya ce jiki ba ya duba agogo, abin da aka zuba masa daga safe zuwa dare shi yake tarawa. Na gode musu duka biyun da murya iri ɗaya. Da abin ya zo kaina, sai na bi shawarar abokiyar aikina, domin ita kaɗai ce ba ta ce in yi tafiyar ƙasa ba, ba ta kuma taɓa tsiren da nake ci da yamma ba.

A gidanmu mu biyu ne, yara sun girma suna karatu a Yamai. Da safe akwai ɗumamen tuwon gero da man shanu, akwai kunu, wata rana har da fanke. Maigidana malamin makaranta ne, duk unguwa Mushe ake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Ɗan garin Bambeye ne, kuma tun da na san shi siriri ne, irin wanda tela ke jin daɗinsa saboda yadi na ragowa. Ya tashi a shekarun yunwa, don haka a gabansa ba a zubar da ko ƙanzo. Ni kuwa hannuna ya saba da awo ɗaya. Na daina ci, amma ban daina dafa na mutum biyu ba.

Safiyar farko ya gama nasa, ya nuna kwanona da cokali.

"Wanga hwa?"

"Nawa ne. Na bari."

"Har yaushe?"

"Har gwiwa ta yi shiru."

Ya yi nazari kamar yana gyara jarrabawa, sannan ya jawo kwanon gabansa. Daga ranar ya ɗauki wannan nauyi kowace safiya, bai taɓa ƙorafi ba, bai taɓa barin saura ba.

Ni kuwa nakan fita da ciki wayam da zuciya cike da alfahari. Alfaharin yakan kai ni har hantsi. Daga nan cikina ya fara nasa shirin, har wata rana mai kula da na'ura ya ɗago kai ta bayan gilashi yana neman inda ƙarar take fitowa. A bakin ƙofar gidan rediyon akwai wata mata mai dambu da zogale. Na zama babbar mai cinikinta. Ban taɓa kiran wannan dambu karin kumallo ba, tunda lokacin karin kumallo ya wuce. Da azahar in ci abincin rana kamar wadda aka biya bashin haƙuri, da yamma tsire yana nan inda yake. Duk sati nakan hau sikelin wani kantin magani, allurar ta tafi ta tsaya daidai inda ta saba tsayawa, kamar jakin da ya san ƙofar gidansu.

Canjin da aka yi alkawari ya zo, amma ga Mushe ya sauka. Kumatunsa suka ciko. Ya kai wanduna biyu wurin tela a buɗe musu ƙugu. Sannan tumbi ya fito, ƙarami, zagaye, a jikin mutumin da hannuwansa da ƙafafunsa suka ƙi bin sahu. Abokansa suka fara tambayarsa ko an ba shi darakta ne.

A haka muka tafi suna a Kalfu, garinmu. Suna kuwa da safe ake yi. Ina zaune cikin mata aka ajiye mini waina da kunu, na ture kwanon a hankali na ce na gode.

"Azumi kike?" in ji wata ƴar uwata.

"A'a."

"Jiki ne ba daɗi?"

"Lafiya lau. Na daina karyawa ne da safe."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan sallar layya."

A Kalfu mutum ba ya daina kalaci don ra'ayinsa. Kalaci ne ke daina zuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Na shiga bayanin gwiwa da sikeli, a tsanake, kalma bayan kalma, yadda nake yi wa masu sauraro. Suka yi ta gyaɗa kai cikin tausayi. Sun gane sarai: ga ɗiya mai tarbiyya tana rufa wa mijinta asiri. Wata ta ce a dubi wuyana yadda ya zube. Wata ta ce tun shigowata ta ga idona ya faɗa. A duk duniya wurin nan kaɗai na taɓa ramewa.

Ana cikin haka Mushe ya zo bakin ƙofa ya durƙusa gaisuwa. Durƙuson ya ɗan ba shi wahala. Wata tsohuwa ta kare ido da hannu.

"Wane ne wanga?"

"Mushe ne, Inna."

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe ga inda kalacin ke tahiya."

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata. Lokacin aurena kawunnaina sun ce wannan siririn malamin ba zai iya ciyar da mace ba, shi kansa bai ci ba. Gwaggo ce ta tsaya ta ce ta yarda da shi, a bar mata. Shekaru suka wuce babu wanda ya samu abin faɗa. Yanzu sun samu.

Ranar kasuwar da ta biyo baya sai ga Gwaggo ta sauka daga motar ƙauye, ɗan kabu-kabu na biye da ita da buhun gero a kan babur, ita kuma riƙe da kwalbar man shanu. Mushe ya fito tarbarta, idonsa ya faɗa kan buhun. A kawo wa magidanci gero gidansa bai roƙa ba, ba rani ba, ba biki ba, ya san abin da ake nufi. Ya tsaya da hannu ɗaya a miƙe, ya rasa ko ya karɓa ko ya bari.

Gwaggo ba ta ɓoye komai ba. Bayan ta sha ruwa ta ce kawunnaina sun yanke a mayar da ni gida har sai an zauna an yi magana. Ita ta roƙi a bari ta zo ta gani da idonta. In abin da ake faɗa gaskiya ne, tare za mu koma. Na dubi Mushe. Mutum ne da ya kusa ritaya, wanda ya koyar da rabin ƴan unguwa karatu, ga shi ana shirin sa shi ya je Kalfu ya tsuguna gaban dattawa ya rantse yana ba matarsa abinci. Tun aurenmu ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Nan dariyar ta fita daga kaina.

"Gwaggo," na ce, "asibiti ne suka ce in rage jiki."

"Ki rage ki kai ma wa?"

Na tashi na shiga madafa.

Washegari bayan sallar asuba Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai tsakanin madafa da ƙofar ɗaki, inda ko kaza ba ta wucewa ba ta gan ta ba. Ita ta dama kunun, ita ta ɗumama tuwon, ta zuba man shanu da hannun mutumin ƙauye. Ta ajiye a gabana ta zauna tana kallo. Na ci. Ta ƙara. Na ci.

Mushe kuwa ya shiga wani hali. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukuwarsa, wannan ko yaro ya sani. A kai masa ɗaki kuma, sai an ratsa ta gaban Gwaggo da kwano, kwanon da shi ne ake tuhumarsa a kai. Ya raɗa mini kada in kuskura. Ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya hau babur ya tafi. Na ce masa ya tsaya wurin mai shayi. Ya ce magidanci mai furfura a teburin mai shayi da sassafe, kafin ya gama burodin labari ya riga shi gida cewa mun yi faɗa. A makaranta kuma ba zai tsaya layin fanke da ɗalibansa ba.

Ta haka Mushe ya zama mutum ɗaya tak a gidanmu da ya taɓa bin shawarar abokiyar aikina yadda aka faɗe ta. Babu dambu, babu komai, sai azahar. Ɗalibansa ne suka biya kuɗin gwajin, domin an ce mini malamin da bai taɓa ɗaga murya ba ya fara korar yara waje saboda tari. Da rana Gwaggo takan shiga maƙwabta hira, shi kuma ya rufe ƙofa ya rama na safe da na rana a zama ɗaya. Tumbin bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ya samu gida ya zauna.

Ni kuma, da cikina cike da ɗumamen Gwaggo, sai na riƙa wuce mai dambu ko kallonta ban yi. Ta ji haushi har ta daina amsa gaisuwata. Abincin rana ma kaɗan nake taɓawa. Na hau sikeli da fargaba, ina jiran hukuncin man shanu. Allurar ta tafi ta tsaya inda ta saba. In na ci da safe, a nan take tsayawa. In na bari, a nan take tsayawa. Likita na biyu ne ya yi gaskiya, abin da ya ba ni haushi, domin shi ne wanda maganarsa ba ta da wata dabara a ciki.

Da Gwaggo ta ga abin da ta zo gani, wata safiya ta tsayar da Mushe yana durƙushe. Ta kau da fuska gefe, kamar yadda ake yi wa suruki magana.

"Malam, tun da na zo gidanga ban ga ka sa ko ruwan kunu a baki ba."

"Na ƙoshi ne, Gwaggo," ya ce wa ƙasa.

"Ka ƙoshi da mi? Da iska?" Ta juyo kaina. "Ke kuwa ba ki da kunya. Bawan Allah shina hita da yunwa kullum, ke kina zaune kina share kwano biyu. Ashe ƙarya anka yi mai."

"Amma Gwaggo, tumbin fa da aka gani?" Bakina ne ya riga ni.

"Kumburin yunwa ne. Mun san shi, mun gan shi da idonmu. Dubi hannuwanai kamar kara."

Aikina gyara magana ne, kuma gyaran wannan yana kan harshena: kwano na biyun ita ta cika shi, kumburin kuwa da man shanu aka gina shi. Mushe ya ɗago ido ya dube ni, kallon mutumin da aka ciro daga rijiya yana roƙon kada a saki igiyar. Na haɗiye gyaran.

"Na tuba, Gwaggo," na ce.

Ni na raka ta tasha. Buhun geron ta ce a mayar da shi mota, gidan Malam ba ya bukata, kuma ta faɗi haka da ƙarfi don maƙwabta su ji. Tana shirin hawa ta kama hannuna ta jawo ni kusa.

"Ki rage mai man shanu," ta ce a hankali. "Wandonai ya kusa tsagewa."

Na tsaya ina kallonta.

"Mi kike kallo? Abin da idona ya gani daban, abin da za ni hwaɗa ma kawunnanki daban. Ni na ce na yarda da shi, kuma ban janye ba. Ke dai in kin ƙara zuwa suna, ki ci waina."

Ba a kira Mushe Kalfu ba. Da ya je gaisuwar sallah, babban kawuna da kansa ya taso ya ba shi buzunsa ya zauna. Yanzu a can an san shi da mutumin da ke fita da yunwa don matarsa ta ƙoshi, ni kuma an san ni da abin da ya rage na labarin. Duk bikin da na je, kwano biyu ake ajiye mini, ana tambayata ko ya isa. Shi kuma ana aiko masa da man shanu a keɓe, tare da saƙon kada a ba ni.

Na rage awon da nake dafawa, muna karyawa tare, kowa da kwanonsa. Gwiwar ta yi sauƙi daga baya, bayan na fara zuwa aiki a ƙasa na kuma rabu da tsiren yamma, wato abubuwa biyun da na yi duk wannan zagaye don in kauce musu. Wani lokaci in na bar saura a kwano, Mushe yakan dube shi, ya dubi ƙofar gida, sannan ya ce in daure in cinye abina.