Ranar da burkin akori-kurar Baba ya yi kumfa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kankia, na kusa hallaka iyayena biyu da motar da na gyara da hannuna.

Mahaifina tsohon direba ne. Yana da wata akori-kura da ya yi jigilar hatsi da ita tun kafin a haife ni. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ta zauna a ƙofar gidanmu a Kusada, tayu suka sace, kaji suka mai da gidan gaba wurin saka ƙwai. Wani hutu na ce sai na tayar da ita, na kai tsofaffin nan Kankia a cikinta. Ni da ban taɓa riƙe sifana ba sai dai alli!

Abokina, wanda ya taɓa zaman gareji kafin ya koma sayar da taki, shi ya riƙa zuwa yana nuna mini. Muka wanke kafireta, muka canza filogi, muka sa batir. Ran da ta yi tari ta tashi, wallahi har makwabta sai da na kira. Daga nan muka koma kan burki. Muka sa sababbin takalman burki, muka canza bututun baya da tsatsa ta cinye, sannan muka cire iska, shi yana taka feda, ni ina ƙarƙashi ina kwance noti ina ɗaurewa. Da muka zo tayar ƙarshe ya ce in bari ya duba, na ce haba, sai ka ce yaro. Ya koma Kankia, ni kuma na shiga gari ina cika baki cewa burkina ko tirela zai tsayar.

Mako guda ina ɗan zagaya unguwa da ita, lafiya lau. Sai ƙanwata ta haihu a Kankia. Ranar suna na ɗauki mahaifina da mahaifiyata a gaba, na loda buhun gero a baya, muka kama hanya, ina ta taka burki saboda ramuka.

Daf da Kafinsoli wani garken shanu ya hau titi. Na taka burki, feda ta tafi har ƙasa kamar na taka tuwo. Na sake takawa, babu komai. Mahaifiyata ta fara salati. Ban san lokacin da na karya sitiyari na faɗa wata gonar dawa ba. Motar ta riƙa tsalle a kan kunya, kara na dukan gilashi, har ta je ta cije a tsakiyar gonar. Mahaifina ya bugi goshi, jini na bin gemunsa. Na fito na zauna daɓas a ƙasa.

Na kira abokina, ya zo a kan babur. Yana buɗe bonet ya kwance murfin man burki, sai ga farin kumfa yana tasowa. Ya shinshina, ya dube ni, ya ce wannan ai sabulu ne. Nan take na hau faɗa, ina cewa maƙiya ne, masu baƙin cikin na tayar da mota. Sai mahaifiyata ta dubi abokina, ba ni ba, ta ce: "Ashe shi ya sa garin sabuluna ke ta raguwa."

Mahaifina yana dafe da goshi da gefen rawaninsa. Shi ma ya juya wajen abokina ya ce:

"Ni na zuba. Kullum da safe in na duba sai in tarar man ya sauka, ga ɗigo ƙarƙashin tayar baya. A zamaninmu in man burki ya ƙare a daji, ruwan sabulu muke kaɗawa mu ƙarasa gida."

Abokina ya ce, "To Baba, mi ya hana ka faɗa mashi?"

"Kai nike jira ka zo in faɗa maka. Wanga, ina zan dubi idonshi in ce aikinshi na yoyo?"

Ni ne ɗan fari. Iyayena ba su taɓa kiran sunana ba, kuma duk maganar da ta fi gaisuwa sai ta bi ta bakin wani. Mako biyu tsohon nan yana fitowa kafin in tashi, yana rufa mini asiri da ruwan sabulu. Ya san abin da ke cikin burkin nan, amma da na buɗe masa ƙofa ya shiga ya zauna.

Abokina ya kwanta ƙarƙashin motar ya laluba notin tayar ƙarshe, wadda na hana shi dubawa. Rabin juyi ya ƙara masa, yoyon ya tsaya.

An ɗinke goshin, mun ci sunan da yamma, motar ma ta yi shekara huɗu tana aiki bayan an wanke bututunta. Mutane in sun ji labarin dariya suke yi wa sabulun, ni ma nakan taya su. Amma abin da har yanzu yake girgiza ni daban ne. Kunyar mahaifina ta gida ce, na same ta na taso a cikinta, cika bakina kuwa ni na ƙara a kai, har ya zama babu ƙofar da gyara zai shigo mini. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan sitiyari ya gwammace ya shiga motar da ya san ba ta da burki, da ya kunyata ni a gaban mutanen da na tara.