Yarinyar da Ke Kallon Baki

Lokacin da nake koyon aikin malanta, kwalejinmu ta tura ni wata firamare a ƙauyen masunta kusa da Wara. Malamarmu ta ce makon farko kada mu koyar da komai. Mu zauna bayan aji, mu zaɓi yaro ɗaya, mu rubuta abin da muka ga ya yi, ban da abin da muke zato.

'Yan aji biyu aka ba ni. Malamin ajin dattijo ne mai haƙuri. Na zaɓi wata yarinya da ke zama can baya jikin taga, don ita ce ta fi kusa da kujerata. Da ya ji wadda na zaɓa, sai ya ce, "Wannan kanta bai ɗauka, Malama. Amma ba ta da fitina."

Da farko ban ga komai ba sai shiru. Daga baya na lura idan malam ya fuskanci aji, bakinsa take kallo. Da ya juya yana rubutu a allo yana magana, sai ta ajiye fensir ta leƙa littafin ta kusa da ita. In an kira sunanta, sai an zungure ta, sannan ta juyo da kai gaba ɗaya, ta miƙo kunnen dama. A wajen wasa kuwa ita ke raba wa sauran layi, muryarta ta fi ta kowa ƙarfi.

Ranar Alhamis na tsaya ta hagunta na ce, "Miƙo min alli." Ba ta motsa ba. Na zagaya ta dama na maimaita, ta miƙo.

Na gaya wa malam. Ya gwada da kansa, sannan ya mayar da ita benci na gaba. Bayan tashi muka je gidansu. Mun tarar da innarta tana banda kifi a tsakar gida. Ta ce tun yarinyar tana ƙarama, ta taɓa yin zazzaɓi, kunnen ya yi ta zubar da ruwa, sannan ya daina. Su sun ɗauka ya warke.

Uban ya kai ta asibiti a Yelwa ranar kasuwa. Aka ce kunnen hagu ya riga ya lalace, sai a kula da na dama, ta rage nutso a ruwa.

Malam ya koma sai ya gama rubutu sannan ya juyo ya yi bayani. Wani lokaci yakan manta. Kafin in gama zangona ta fara haɗa baƙaƙe, ko da yake tana bayan sa'anninta.

Da na koma bayan shekara guda karɓar wata takarda, malam ya ce min iyayen yarinyar sun bi kifi sun tashi da ita zuwa wajen Shanga. Bai san ko an sa ta wata makarantar a can ba.