Ranar Da Baba Ya Zauna A Ajin Latin

Ko me zan manta a rayuwa, ban da Asabar ɗin da mahaifina ya zo makarantarmu ya zauna a benci kamar ɗalibi.

Lokacin ina aji uku a wata sakandaren kwana kusa da Kiru. Malaminmu na Turanci wani dattijo ne mutumin Gana, shi ya buɗe ajin Latin ranar Asabar ga mai so. Mu bakwai muka shiga. Yakan rubuta gajeren labari a allo, mu fassara zuwa Turanci. Wata biyu da farawa labari ya kai ƙauyenmu cewa ana koya mana yaren coci.

Baba masunci ne a Tiga, tun da ruwan dam ya cinye tsohon garinmu, amma ya yi karatu mai zurfi a zaure. Ya shigo mota tun da sassafe, ya ce wa shugaban makaranta shi zuwa ya yi ya tafi da ɗansa. Shugaban ya roƙe shi ya fara gani da idonsa. Ya yarda, bisa sharaɗin in abin bai kwanta masa ba, ranar zan naɗe tabarmata.

Malam ya rubuta labarin wani masunci, layi biyar, ya miƙo mini alli. Na shiga fassarawa, ina juya wa Baba kowane layi da Hausa. Layi uku suka wuce lafiya. A na huɗu na ce kifi ya jawo masunci zuwa gaɓa.

Baba ya gyara zama. "Shekara talatin ina su, ban taɓa ganin kifin da ya jawo mutum tudu ba. Sake dubawa."

'Yan aji suka ƙunshe dariya. Na ƙura wa allo ido, can na gano inda na kauce. Kalmar kifi ce ta zo farko, shi ya sa na ɗauka shi ya yi aikin, alhali piscem aka rubuta, ba piscis ba. Na goge na gyara, na ce, "Baba, a yaren nan ƙarshen kalma ke nuna wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa. Masuncin ne ya jawo kifin."

Ya ce, "Ashe fa'ili da maf'uli ne. Su ma suna da nahawu irin na Larabci ke nan?"

Da aka fassara wa Malam, ya taso ya ba Baba hannu, suka daɗe suna hira ina yi musu tafinta. Da zai tafi, Baba ya dafa kaina a bakin ƙofa ya ce, "Zauna ka yi karatunka. Amma ka daina gaggawa."

Latin ɗina bai yi nisa ba, don bayan shekara Malam ya koma ƙasarsu. Sai dai har gobe ina alfahari da wannan rana, da kuma uban da ya ƙi yanke hukunci da jita-jita. Daga gare shi na koyi cewa kafin ka ƙi abu, je ka zauna kusa da shi ka ji me yake faɗa.